Tsawar Da Aka Daka Mani A Kan Dutsen Sabuwa

Tun da na dawo daga ƙasar Sabuwa ban sami yin facin taya ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata a bakin kasuwar Ƙanƙara, da keke ko ba keke, sai ya ja benci ya zauna ya ce, to Malam Audu, yaya ka baro su? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya tafi ya ƙara nashi. Shekaranjiya a ƙofar masallaci na ji wai goya ni aka yi har ƙolin dutse kamar jinjiri. Ƙarya ce. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna. Makarantar elementare ban gama ta ba, an cire ni a tsakiya an ba ɗan wani mai rawani wurina, amma abin da na tsinta ya isa in faɗi gaskiya. Wanda bai iya boko ba ya nemi mai karanta mashi, ya bar ni in yi aikina.

Abin da ya kai ni can maganar ɗiyata ce. Aurenta na farko wana ne ya bayar da ita, Allah ya jiƙanshi, ni ba wanda ya tambaye ni. Ya ba wani ɗan tireda a Funtuwa, mutum mai ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Tun daga bakin lungu yake tuɓe takalmi in ya hango ni. Da wannan ladabin ya bar ta da yunwa, ta dawo gida wuyanta kamar sillen kara. Tun daga nan in na ga mai yawan durƙuso jikina sai ya ba ni wani abu.

Bana, da ta murmure, wani ya fito. Tanko sunanshi, manomi, matarshi ta rasu, mutumin wani ƙauye a gindin dutse can bayan Sabuwa. Ya gan ta a Faskari wurin wani suna. Ita tana so, uwarta tana so, magabatanshi har sun aiko da goro. Wana ba shi da rai, magana ta dawo hannuna. Na ce ba na cewa i, ba na cewa a'a, sai na ga inda za a kai ta da idona. Mata suka yi ta salati, wai ina aka taɓa jin uba ya ɗauki ƙafa ya je gidan mai neman ɗiyarshi, ai sai dai a aika wani. Na ce wancan karon ma aikawa aka yi.

Na tashi da kaka, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba. Lorin da na shiga na gyaɗa ne, mu muna bisa buhuna. Direban tun da hantsi yake cewa yanzu za mu tashi, ba mu tashi ba sai da ya ci ya sha ya yi barcinshi. Kusa da ni wani dattijo ne mai sayar da kanwa, ya kama mani kunne da zancen mulkin kai, wai da zarar Nasara ya tafi kowane talaka sai ya yi lori nashi na kanshi. Na ce mashi Baba, wanda ke zaune gaba kusa da direba yau shi ne zai zauna gobe, mu kuma muna nan bisa buhu. Ya ce ni ba ni da fata mai kyau. Na ce an sha faɗa mani.

Kafin Sheme lori ya kafe cikin yashin wani rafi. Aka ce maza su sauka su tura. Muka naɗe riguna muka tura, direba na ciki ya harɗe kamar hakimi. Da motar ta fita sai ba ta tsaya ba, wai in ta tsaya mutuwa za ta yi. Ga mu nan dattawa da gemu muna binta da gudu, kowa da babbar riga a hannu, matan da ke sama suna miƙo hannu suna dariya. Mai kanwa da ke jiran lorinshi na kanshi shi ne na ƙarshe, da ƙafa ɗaya aka jawo shi, hularshi ta zama ta mutanen Sheme. Ban so in yi dariya ba amma ta ƙwace mani.

Daga Sheme na taka zuwa Faskari, na sauka gidan taubashina Nabara tela, ɗan kawuna. Yana hango ni ya ajiye almakashi ya ce wa yake gani kamar bawanshi Maɗaci. Haka yake kirana tun muna yara, wai na fi ɓawon maɗaci ɗaci. Na ce gara ni, shi tumbinshi ya riga shi fitowa zaure. Faskari gari ne da aka cusa tsakanin duwatsu. Kana cikin gidanka kana alwala, ka ɗaga kai ka ga akuya bisa dutse tana kallonka. Na tambayi Nabara yadda suke ɓoye sirri a garin, ya ce ba su ɓoyewa, shi ya sa suke zaman lafiya.

Da ya ji abin da ke tafe da ni ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba, don ya san bakina, zan zagi mutane su rufe ni can ba mai labari. Ya aro jaki wai don kayanmu. Kayanmu kuwa ba su wuce buta da tabarma da ƙunshin goro ba, saboda haka shi ya zama kayan. Jakin nan yana da wayo. Duk rafin da muka iso sai ya tsaya a tsakiya ya nemi kwanciya, Nabara ya yi ta roƙonshi da sunaye masu daɗi, angon jakai, ɗan sarki. Ni ina gaba da sandata ba na ko waiwaye.

A Daudawa muka ga gonar audugar da Turawa ke kula da ita. Ba na yabon Nasara, amma layin nan ya miƙe, da igiya suke shuka. Shanu ke yin huɗa, mutum na binsu a baya yana riƙe da ƙarfe. Na miƙa hannu in taɓa audugar mai gadi ya taso kamar na zo satar ɗiyarshi. Mai unguwa ya ba mu zaure, matarshi ta aiko da tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, wadda sai da Nabara ya side kwanon har na ji kunya a madadinshi.

Daga Daudawa zuwa kudu ƙasa ta sake. Ciyawa ta fi mutum tsawo, itatuwa manya, ruwa ko'ina. Mu a Ƙanƙara in ka ga rafi da ruwa bayan kaka sai ka tsaya ka gaishe shi. Can kuwa tsallake shi ake yi ana tsaki. Mun kwana a hanya, muka shiga Sabuwa ran kasuwa. Nan na ga doya kamar cinyar ƙato, na ga rake tuli-tuli. Na kuma ga matan Gwari suna ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba, ƙwarya cike da doya an ɗora ta bayan wuya suna tafe a sunkuye. Na tambayi wata tsohuwa da ke jin Hausa dalili, ta ce kai shi ke yi wa jiki tunani, ba a ɗora mashi wahala. Na ce da Nabara shi ya ci gaba da ɗauka a ka, tunda nashi ba ya aikin komai. Tsohuwar ta yi dariya har ta ƙara mana doya a kan wadda muka saya.

Da la'asar muka isa ƙauyen su Tanko. Gidaje ne kaɗan a jingine da wani baƙin dutse mai tsawo, wanda ya sa duwatsun Faskari suka koma kamar murhu. Baffan Tanko, wani tsoho mai fara'a da ake kira Baba Barau, shi ya tarbe mu. Tanko kuwa yana jin an ce ga uban yarinya ya tsallake danga ya ɓace, bayanshi kawai na gani. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na yi ta neman abin kushewa ban samu ba, sai sauro. Sauron garin nan ba ya jiran duhu, tun da sauran rana yake fara aiki.

Bayan magariba Baba Barau ya shiga yabon ɗanshi. Yana da fadama a bakin gulbi, yana da rake, yana da shinkafa, ba a taɓa auna hatsi a gidanshi ba. Na bari ya gama na ce Baba, kowa yana da gona a baki. Nabara ya mintsine ni a cinya. Tsohon bai ji haushi ba. Ya ce gonar tana bayan dutse, kuma zagayawa yanzu taɓo ne har ƙugu, amma su nan in baƙo yana son ganin ƙasa, sama suke kai shi da sassafe, daga can ba abin da ke ɓuya. Sai dai shi gwiwa ta ƙare, mazan gidan kuma duk suna wurin yankan shinkafa, wanda ya rage ya raka ni Tanko ne da kanshi. Kowa kuwa ya san mai neman aure ba ya jerawa da uban yarinya. Na ce ni kunya ba ta taɓa cika mani ciki ba, a faɗa mashi ya shirya.

Muna idar da asuba na fito. Na sa babbar rigata ta zuwa Juma'a da takalmina sau-ciki na kanti, don kada mutanen ƙauye su raina Ƙanƙara. Tanko yana bakin danga a durƙushe, takalmanshi a hannu, gora rataye a kafaɗa. Ƙato ne, baƙi, hannu kamar faranti, amma ya dunƙule kamar kazar da ruwa ya daka. Ya gaishe ni da muryar da sai da na sa kunne. Na ce a raina, ga wani kuma.

Na ce mashi ya wuce gaba ya nuna hanya. Ya ce a'a, Baba, ba ya shiga gabana. Na sake faɗa ya ƙara sunkuyar da kai. To ni ba na roƙo. Na ga wata 'yar hanya ta nufi sama na bi ta, Nabara na bayana yana haki, Tanko can baya.

Safiyar kam ta yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Raɓa ta jiƙe ciyawa, iska mai sanyi, kajin dutse suna kuka ta ko'ina. Rema na zaune bisa duwatsu suna jiran rana, in mun matso su shige rami. Ba mu yi nisa ba Nabara ya ga wani kukkuki mai inuwa da dutse mai faɗi a gindinshi, ya ce nan Allah ya rubuta mashi iyakar tafiyarshi. Ya ce in mun ga abin kirki a sama mu ɗebo mashi. Ya zauna ya ɓare goro, muka bar shi.

Saura ni da Tanko. Duk inda hanya ta rabu biyu in na ɗauki ɗaya, sai in ji tari a bayana. In waiwaya in ce nan ne? Sai ya zube bisa gangaren nan ya durƙusa ya ce, yadda ka gani, Baba. In ci gaba. Can kuma tari. Tun ina ƙyalewa har na fara lissafi a zuci, ga yawan durƙuso, ga tari tun da safe, wannan ko dai ciwon ƙirji gare shi aka ɓoye mani. Na ce shi ke nan, na ga abin da na zo gani, in na sauka sai gida. Har na fara shirya kalmomin da zan faɗa wa uwar ɗiyata.

Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa. Na fara ganin kashin birai maimakon sawun mutane, amma tunda ɗan gari bai ce komai ba na ɗauka haka take. Wani wurin sai da na sa hannu na rarrafa, rigar Juma'a tana jan ƙasa. Wani ƙaton gwaggon biri ya zauna bisa dutse yana kallonmu yana sosa ciki, kallon da alƙali ke yi wa wanda ya zo ba shaidu. Tarin Tanko kuwa ya ƙaru har ya zama kamar ana sarar itace.

Sai muka fito wani falalen dutse mai faɗi, a karkace, ruwa na tsattsafowa daga sama yana bi ta kanshi. Can tsallake na hango ciyawa da alamar hanya. Na ce ai wannan taku kaɗan ne. Ban lura da gansakukar da ke kwance a kai ba, ban kuma duba hagu ba, inda dutsen ya ƙare babu komai sai kan itatuwa can ƙasa. Na sa ƙafar dama ta zauna. Na sa ta hagu na ji ta fara tafiya ita kaɗai.

"Kai tsoho, tsaya nan! Kada ka ɗaga ƙafar nan!"

Muryar ta daki dutse ta dawo, birai suka watse. Tun rasuwar ubana ba wanda ya yi mani irin wannan tsawa. Kafin in gane daga ina ta fito na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an fizgo ni, na zauna daɓas bisa busasshen wuri. Sandata ta suɓuce ta bi santsin nan. Na kasa kunne in ji faɗuwarta, sai da na gaji da jira kafin na ji.

Tanko na tsaye a kaina, idanu jajur. "Zamna nan. Wane irin taurin kai ne wannan? Tun daga ƙasa nike tari kamar raina zai fita, kai ko ka juyo ka ce lafiya? Hanyar birai ce wannan. Ka ga mutum ya taɓa bi nan da riga har ƙasa? Tuɓe takalman nan na banza."

Na tuɓe. Ni Audu, da ban taɓa tuɓe wa ɗan doka takalmi da daɗin rai ba, na tuɓe wa mai neman ɗiyata. Ya karɓe su ya cusa a hammata tare da nashi, ya sa na naɗe rigar na ɗaure a ƙugu. Ya ce komawa baya ta fi gaba haɗari. Ya kama wuyan hannuna, ya bi da ni ta wata tsaga a gefen sama inda dutsen ke da kaushi. Nan za ka taka. Ba nan ba, nan. Kada ka dubi ƙasa, dubi bayana. Haka ya yi ta ba ni umarni kamar mai koya wa maraƙi huɗa. Wuri ɗaya ne ya sa kafaɗa ya tura ni sama, wannan shi ne goyon da 'yan bakin masallaci ke faɗa. Sauran duk da ƙafata na hau.

Da muka fito ƙoli rana ta ɗan taso. Na tsaya ina maida numfashi, na ɗaga kai, sai na manta da numfashin.

Gulbin yana ƙasa, kamar an warware farin rawani an yar da shi ya karkace yadda ya so. Wani farin tururi na kwance a kanshi wuri-wuri kamar shiɓaɓɓiyar auduga, rana na taɓa shi yana tashi. Gefe da gefe fadama ce kore shar, shinkafa kuma ta yi ja inda ta nuna. Garken shanun Fulani na tsallakawa, ƙaho da hanci kawai ake gani, belbelu na binsu a sama. Wani masunci a cikin ɗan jirginshi ya watsa taru, na ga tarun ya buɗe ya faɗa, sai daga baya ƙarar ta iso. Daga ɗaya gefen kuma sautin daka ke tasowa daga ƙauye, da kukan zakaru. Na leƙa na hango wani ɗan shuɗin abu a gindin kukkuki kamar an yar da tsumma, ashe Nabara ne.

Na daɗe ban ga abin da ya burge ni ba, na ma ɗauka na wuce wurin. Kullum kaina a sunkuye yake bisa taya da kaca, ina tuna wanda ya cuce ni da wanda ya riga ni. Ran nan na tsaya ba takalmi, riga a ƙugu, ƙafa na jini kaɗan, na ji ƙirjina ya buɗe. Na ce alhamdu lillahi, kuma ba irin wadda ake faɗa don an tambaye ka gajiya ba. Har na ji ina dariya ni kaɗai.

Na juya in ce da Tanko wani abu, ban gan shi kusa ba. Yana can nesa a durƙushe, ya jera takalmana a gabanshi, kai a ƙasa. Hankalinshi ya dawo, ya tuna da wanda ya kira tsoho. Na kira shi ya matso kaɗan. Ya ce ya san magana ta ƙare, bai ga laifina ba, abu ɗaya yake roƙo, kada Baba Barau ya ji abin da bakinshi ya faɗa. Na ce ba wannan na tambaye shi ba, ina gonar? Ya nuna da hannu. Tana nan kuwa, daga wata ƙatuwar ɗorawa har bakin ruwa, rake a ƙasa, shinkafa a sama, mutane ƙanana kamar tururuwa suna yanka. Tsohon bai ƙara ko kaɗan ba.

Na tambaye shi tsallaken gulbin ƙasar wa ce. Ya ce nan Katsina ta ƙare, can Birnin Gwari ce. Na yi ta dubawa ban ga ganuwa ba, ban ga dogari ba. Ya ce in lokacin jangali ya zo Fulani sukan duba wane gefe masu ƙirga suke, sai su kwana a ɗayan. Wannan ya faɗa yana murmushi, sai kuma ya tuna ya haɗiye.

Na ce, "Baffanka ya faɗa mani mai kyau. Kai faɗa mani marar kyau. Da muryar ɗazu nake so, ba ta durƙuso ba."

Ya ɗago kai. Sannan ya fara. Ya ce sauro na gani da idona, da damina ya fi haka. Birai suna cin masara, wata shekara sai su raba ta da kai. Uwarshi tana da faɗa, ba ta da mugunta amma bakinta ba ya hutawa, sai dai tukunyarta daban. Ɗakin da zai sa ɗiyata yana yoyo, ya yanki ciyawa bai kai ga baibaya ba. Ruwan sha ba sai ta je gulbi ba, akwai marmaro a gindin dutse bayan gida. Daga ƙarshe ya ce, "Babban shi ne hanya, Baba. In ruwa ya sauka rafukan nan duk cika suke. Ko wani abu ya same ku a Ƙanƙara, ba ta iya zuwa sai kaka. Wannan ba ni da maganinshi."

 Ɗan tiredan Funtuwa da za a tambaye shi haka, cewa zai yi a kafaɗa zai kawo ta. Na dubi gulbin nan mai kyau, na ga shi ne dai zai tsare mani ɗiya rabin shekara. Na daɗe ina kallonshi.

Ya kwance gorar da ke kafaɗarshi ya ajiye a gabana, fura ce da nono, an ɗan sa zuma. Ya koma bayan wani dutse. Na sha rabi, ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, ko yunwa ce ko tsoron da na ji ne oho. Na tura mashi sauran, na san ba zai sha ina gani ba, sai na juya na ba shi baya na fuskanci ruwa. Can na ji maƙogwaro na aiki.

Da za mu sauka na ce ya sa takalmi ya wuce gaba. Muka yi ciniki. Gaba ya yarda, takalmi ya ce ko za a yanka shi. Ni ma sai na riƙe nawa a hannu, don na daina yarda da su. Ashe hanyar mutane tana ɗaya gefen, shimfiɗaɗɗiya, ko jakin Nabara sai ya hau ta. Mun gamu da wata tsohuwa da ƙunshin itace ta tsaya ta dube mu, ƙato a gaba ba takalmi, dattijo a baya ba takalmi, ta ce da Tanko wannan wane ne cikinku ke jin kunyar wani? 

Da muka zagayo gindin kukkukin, Nabara mun same shi yana barci baki buɗe. Ya tashi ya ce ina abin da muka ɗebo mashi, ina kuma sandata. Na ce na ba birai aro.

Ban ba su amsa a can ba, don ba a ba da ɗiya a gidan mai nema. Baba Barau ya cika mana jaki da doya da rake, dole Nabara ya taka da ƙafarshi, wannan kaɗai ya biya ni wahalar tafiyar. Tanko ya raka mu har rafin farko, ya durƙusa ya yi mana sallama da fuskar wanda ya dawo daga jana'iza. Duk hanya Nabara yana tona ni, me ya faru a sama, me ka yanke, ko ka zagi yaron mutane? Na ce ya ji da tumbinshi.

Na iso gida da yamma. Ɗiyar nan ita ce ta fari, ba na kiran sunanta, ba na zaman magana da ita, haka muka taras. Tana can ƙuryar tsakar gida tana daka, ta ba ƙofa baya. Uwarta ta kawo mani ruwa ta durƙusa, ta yi sannu da hanya, ta kasa haƙuri ta ce, Malam, yaya mutumin?

Na ɗaga murya yadda za ta kai ƙurya. "Ba shi da ladabi. Tsoho ya kira ni. Ya ce taurin kai gare ni, ya sa na tuɓe takalmi a gabanshi."

Taɓarya ta tsaya. Uwar ta dafe ƙirji ta fara salati a hankali.

Na shanye ruwan na ajiye kwanon. "A aika masu su turo magabata da an gama girbi. A kuma ce na ce ya baibaye ɗakin nan kafin ta zo."

 Sai taɓarya ta sauka, ta sake sauka, sai na ji lugude ya tashi, ana jefa ta sama ana tafi ana cafewa, har uwar ta ce ke, za ki fasa mani turmi. Ni dai ban waiwaya ba. Na ɗauki buta na fita.